Jiya Huɗu, Yau Shida

Ƙanena,

Ina gaisuwa. Ya iyali, ya ƙafar mai ɗakinka? Mu nan asibiti lafiya lau, sai dai haɓon jikata ya ƙi tsayawa.

Kullum su rataya mata jaka mai ruwan ɗorawa, wai ƙwayoyin daskarar da jini. Bayan awa guda su ɗebi jininta su auna ko ya kama. Ni ban yi boko ba, tsumman hancinta nake ƙirgawa: jiya huɗu, yau shida. Likita ya ce jikinta ya fara ƙin jinin bare, sai na dangi.

Ka ce cutar gidana ce, ba taku ba. Ban yafe ba. Amma turo 'ya'yanka a gwada su, ko jininsu zai dace da nata. Allah ya raya maka su.

Yayanka