Farar ƙasa a kan ginin Malam

Daren Laraba, Dagmanet

Ban yafe ma Yaya Rabi ba. Tun safe ta zo gyaran gida saboda sadakar arba'in ɗin maigidana, Malam. Ina ɗaki da masu gaisuwa, ita kuwa ta ɗauko ɗan ƙaramin gidan da Malam ya gina a kan katako, ta shafe shi tas da farar ƙasa.

Kwaikwayon gidanmu na farko ne, na Tchirozérine. Tubalinsa bai kai ƙwallon dabino ba, ɗaya bayan ɗaya ya murza su da yatsa. Da garin gawayi ya yi baƙin hayaƙi a bangon madafa. Da allura ya ja tsagar nan ta ƙarƙashin indararo, yana tsokanata wai in kawo kwano in tare ruwa. Allah ya jiƙan bawan nan.

Na ce, "Yaya, wa ya sa ki?"

Ta ce, "Haba Hadiza, sai baƙi su zo su ga wannan dauɗa? Ai ƙanena ba ƙazami ba ne."

Ƙanenta! Sau nawa ta tako ƙofarmu lokacin da tari ya kwantar da shi?

Bayan la'asar na sa farce na kankare gefe guda, ko zan ga hayaƙin. Farar ta fita, amma ta taho da tubalin, ya marmashe a tafin hannuna. Sai na bari.

Gobe za ta kawo tukwanen girki. A bakin zaure zan karɓa, in rufe ƙofa.