Ƙarfen da Clarrie Ya Ɓoye Bayan Dankali

Gidan gona, 8 ga Mayu, 1969

Yaya Desmond,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da rokokinku masu sunayen tsuntsaye. Mu dai lafiya lau, tumaki ma haka.

Ranar Talata mutanenku sun bugo waya za a yi harbin roka da almuru, na ja 'yata Noelene muka shiga ɗakin simintin da gwamnati ta gina mana don ɓuya. Ka san shi ne wuri mafi sanyi a gidan, don haka dankali da albasa sun cinye rabinsa. Surukinka Clarrie kuwa ya ƙi shiga, wai a faɗin dajin nan rokar da ta samo kansa ta cancanci lada.

Washegari ya tsinci kan rokar kusa da rijiyar arewa. Dogon ƙarfe ne mai ramuka sha biyu, tara sun ƙone, uku na nan da murfinsu. Maƙwabta duk suna da irinsa, wani ya yi kwamin ruwan kaji, shi akwatin wasiƙu yake so. Da masu neman tarkace suka zo ya rantse bai ga komai ba, alhali yana ɗakin siminti bayan buhunan dankali. Noelene ta mai da shi kujera, tana kwantar da 'yar tsanarta a ramukan. Ka rufa mana asiri.

Ƙanwarka,
Merle

Sansanin harbi, 12 ga Mayu

Merle,

Ina gaishe ki. Abin da zan faɗa miki na sa hannu a takardar aiki cewa ba zan faɗa wa kowa ba.

Wannan rokar ba ta yaƙi ba ce, ta auna sama ce. In ta yi nisa sai ta riƙa jefa nakiya ɗaya bayan ɗaya, mu kuma a ƙasa muna sauraron ƙarar, da ita muke gane iska da sanyin can sama. Ni ne mai ƙirgawa. Sha biyu muka ɗura, tara na ji. Ukun da ba su tashi ba su ne 'yarki take zama a kai.

Na bugo waya jiya, Clarrie ya ɗauka. Kin san gida takwas ke kan layin nan, kowa na kasa kunne. Na ce kada a taɓa abin da ke bayan dankali. Ya yi dariya ya ce: "Wane abu, malamin roka? Gwamnati ta aiko ka neman ƙarfenta?" Ya ajiye.

Na san sharaɗin zamanku a filin: wanda ya ɓoye tarkace zai iya rasa wurinsa. Shi ya sa na rasa yadda zan yi. Akwai harbi ranar Juma'a. In waya ta yi ƙara, don Allah kada ki shiga ɗakin nan. Kada ki ja ƙarfen, kada ki bari ƙofa ta buga. Tsoro nake ji, Merle.

Yayanki,
Desmond

Gidan gona, 16 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙarka ta iso jiya da motar Alhamis. Clarrie ya tafi gyaran shingen yamma tun Laraba, sai Lahadi zai dawo. Na karanta a tsaye, sai na ga ba Noelene a tsakar gida. Tana cikin ɗakin siminti, tana rera wa 'yar tsana waƙa tana buga dunduniya a jikin ƙarfen. Ban san ina da irin wannan muryar ba, na kira ta a hankali kamar mai kiran kaza, na ce ta zo ta sha shayi. Da ta fito na rungume ta.

Yau waya ta yi ƙara. Mutumin sansaninku ya ce a shiga maɓoya, kamar kullum. Na tsaya da waya a hannu, sama ba tsira, ƙasa ba tsira. Na ji numfashin matan maƙwabta a layi, na san duk abin da na faɗa zai zaga gidaje takwas kafin shayin yamma. Na ce masa: "Ba zan shiga ba. Kan rokarku na ciki, mijina ne ya ɓoye shi, kuma uku ba su tashi ba."

Sun dakatar da harbin, gobe za su zo. Ban ambaci sunanka ba. Na tona asirin mijina a gaban duniya, ban san da wane ido zai dube ni ba.

Taka,
Merle

Gidan gona, 22 ga Mayu

Desmond,

Gaisuwa. Ni ba gwanin rubutu ba ne. Mutanenku sun zo sun ce ƙarfen ba ya ɗaukuwa, a wurin suka tashe shi. Ɗakin siminti ya zama rami, mun tsinci dankali har kan rufin gareji. Maganar zamanmu tana hannun masu gonar da muke kula da ita.

Akwai abin da ban gaya wa Merle ba, kai ma kada ka gaya mata. Ranar Laraba kafin in fita na sa kurfi da guduma a murfi ɗaya, ya ƙi. Na ce in na dawo zan gasa shi da wuta ya saki. Noelene ce ta riƙe mini fitila.

Na gode.

Surukinka,
Clarrie