Tarwadar Baba

Wurno, 4 ga Maris

Zuwa ga Malama Winnie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafa, ya zafin Rabah? Na san kunnenki ba ya shiri da waya, shi ya sa na ba direba wannan takarda ya kawo miki.

Malama, taimako nake biɗa. Mahaifin maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki, an ɗauko shi daga Goronyo ya dawo wurinmu, wata uku ke nan. Likita ya ce bakin ya warware, ƙafar ma za ta taka in ya so. To, ba ya so. Mutumin da ya shekara hamsin yana su, yanzu sai zama kan kujera yana kallon bango. In na durƙusa na gaishe shi, hannu kawai yake ɗagawa. Abincin ma sai ya taɓa ya ture. Wallahi tsoro nake ji kada ya ƙare a hannuna haka.

Sai maigidan ya yi dabara. Ya sayo akwatin gilashi na kiwon kifi a Sakkwato, irin wanda kika ajiye mana a ɗakin kimiyya, da ɗan injin hura iska cikin ruwa, wai ko Baba zai ga ruwa ya ji sanyi. Kifi shida ya zubo, kowanne da launinsa, kamar wanda aka aika sayen zannuwan lefe. Yanzu wani ja mai dogon wutsiya ya hana kowa sakat. Akwai kuma wani ɗan mitsitsi mai ratsi-ratsi da ya maƙale bayan dutse, ba ya ci, launinsa har ya koɗe.

Jiya ina tsaye ina cewa ko ciwo ne, sai na ji murya a bayana: "Wanga ba ciwo garai ba. 'Yan'uwanai shika biɗa." Malama, Baba ne. Saura kaɗan in saki kwanon da ke hannuna.

Ki gaya mini mi zan yi da kifayen nan, kada su mutu ya koma ga bangonsa.

Taki ɗaliba,
Salima

Rabah, 7 ga Maris

'Yata Salima,

Na samu takardarki, na gode. Ƙafa da sauƙi, zafi kuwa sai godiyar Allah. Ina gaida maigidanki Abdulganiyu, ki ce masa ba a sayen kifi da ido.

Da ba ki riƙa gyangyaɗi a ajina ba, da ba ki ɓata takarda ba. Surukinki ya riga ya ba ki amsa. Mai ratsin nan masu sayarwa na kiransa daniyo, kifin garke ne. In ya ga kansa shi kaɗai, gani yake yi an cinye sauran, saura shi. Daga shida zuwa sama suke samun natsuwa. Ga bakwai nan a jarka daga nawa, su cika takwas. Ki riƙa zuba musu ruwan akwatinki kaɗan-kaɗan cikin jarkar kafin ki juye su, kada sauyin ruwa ya buge su.

Jan nan mai wutsiya ki raba masa ɗaki. Babbar kwalba ta ishe shi, shi ba ya son maƙwabci, kamar wani shugaban makaranta da na taɓa aiki da shi. Sauran huɗun, in ba sa cizo, a bar su. Ki kau da akwatin daga inda rana ke bugawa.

Abu ɗaya kada ki manta. Kafin ki haɗa kifi da kifi, bakinsa za ki duba, ba kyansa ba. Duk abin da zai shiga bakin kifi, a wurinsa abinci ne, ko da sun shekara tare.

Ki gaishe mini da Baba, ki ce wata tsohuwar malama ta ce ya ci jarrabawa.

Taki,
Winnie

Wurno, 12 ga Afrilu

Malama,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafarar shirun da na yi. Daɗi ne ya fara hana ni rubutu, daga baya kuma kunya.

Kifayenki sun iso lafiya. Ɗan maƙalallen nan ko awa ɗaya bai yi ba ya fito ya shige cikinsu, har na kasa gane shi. Su takwas suke juyawa tare kamar an ɗaure su da zare. Baba da kansa ya ce a juya masa kujera.

Bayan mako guda abokinsa Baba Sa'adu ya zo duba shi daga Goronyo, riƙe da buta. Ashe saƙo Baba ya yi masa. 'Yar tarwada ce a ciki, ba ta wuce yatsana ba. Baba ya ce ruwan da babu tarwada lalacewa yake yi, a gidansu ba a taɓa gina rijiya ba a jefa ɗaya ta riƙa cinye ƙwari ba. Da hannunsa mai lafiya ya karkata butar ya zuba ta. Na tuna maganarki ta baki, na dubi nata, na haɗiye tawa.

Malama, tun ranar Baba ya zama wani mutum. Yana cinye tuwonsa don ya rage mata ɗan gutsure. Yana ba maƙwabta labarin tarwadar da ya taɓa kamawa wadda sai da mutum biyu suka ɗauka. Har aski ya nema.

Tarwadar kuwa sai girma take yi. Ranar wata Talata na ƙirga masu ratsi, bakwai. Na ce idona ne. Yau biyar suka rage, sun daina yawo, sun taru a sama wuri ɗaya.

Na gaya wa maigidan da ya zo hutun ƙarshen mako. Ya ce, "Bar ta. In sun ƙare mu sayo wasu. Kada wanda ya taɓa ran Baba." Ni kuma kin san tsakanina da suruki gaisuwa ce kawai, ko sunansa ban taɓa kamawa ba. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa masunci ya yi kuskure a kan kifi? In na faɗa ya yi fushi ya koma shiru, na kashe shi da bakina. In na yi shiru, kullum ina kallon ana cinye amanarki.

Na yi tunanin in cire ta lokacin da yake barcin rana, in ce tsalle ta yi kyanwa ta ɗauke. Mi kika gani?

Taki cikin damuwa,
Salima

Rabah, 14 ga Afrilu

Salima,

Na gaishe ki. Batun kyanwa ki bar shi. Za ki yi wa mai shekara hamsin a ruwa ƙaryar kifi? Ko ni da alli kawai na riƙe ba za ki ruɗe ni da wannan ba.

Kifayen ba su dame ni ba, nawa haihuwa suke yi. Ke kika dame ni. Shekara talatin ina zaune cikinku, na san kunyar suruki, kuma ina ganin kyanta. Amma ke ce mai jinyarsa, ke ke wanke masa kwano, ranar wanka kuwa ba a ɓoyon cibi. Ki durƙusa yadda kika saba, ki sunkuyar da kai in kina so, ki faɗa masa abin da kika ƙirga. Ba zan ce miki ba zai yi fushi ba, ban san shi ba. Addu'a zan yi miki.

Ba zan ƙara aiko kifi ko ɗaya ba sai na ji tarwadar ta fita.

Winnie

Wurno, 19 ga Afrilu

Zuwa ga Malama ta Rabah,

Sallama da gaisuwa. Ni na, Malami na Goronyo. Ni ka magana, ɗiyata Salima ka rubutawa, kuma na ce ta rubuta yadda nih hwaɗi.

Malama, na san mi tarwada ka ci tun ba a haihi uban wagga yarinya ba. Da nis sa ta, na ɗauka ƙanƙanta za ta hana ta, nan ni yi kuskure. Ran da na hwarko ya ɓace na gani, ni ma ƙirga nikai. Da hwari girman kai ya hana ni magana. Daga baya sai nic ce bari in gani ko akwai mai ce mani ban yi daidai ba. Tun da ciwon ga ya kama ni, komi nic ce sai "to, Baba". Wanda an ka daina gardama da shi, ai an gama da shi, likkahwani kawai aka jira.

Shekaranjiya Salima ta zo ta durƙusa, tac ce, "Baba, tarwadarka na cinye kihin." Nic ce, "Sai yau?" Ta yi kuka, ni ko dariya har da tari.

Mun kai ta rijiyar gida, can ad ɗakinta. Salima tar riƙa guga, ni nir riƙa sanda. Taki goma sha tara na daga ƙohwata zuwa bakin rijiya, yanzu kullum da sahe sai na tai na gaishe ta.

Masu ratsi huɗu sunka rage. Na ce ki aiko da huɗu su koma takwas. Ita ta ce shida, wai goma sun hi natsuwa kuma akwatin na ɗauka. Tun hantsi muka gardama, ta ƙi bari.

Ki aiko da shida.

Wassalam,
Malami