Larbi Ya Iya Zuba Shayi

Zuwa ga Yaya Bushayib, a Taza,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da gwiwar nan taka mai sanar da zuwan ruwa.

Dangin marigayi mijina sun sayar da gidan, bayan Sallah zan tashi. Na gode da ɗakin da ka ware mini. To, Larbi fa? Yana jinjiri alƙali ya damƙa mini riƙonsa. Wata mai kamawa zai cika shekara sha takwas, riƙon ya ƙare. Ka dai san shi: gemu na manya, hankali na yara. Har yau ni ke ɗaure masa takalmi.

Ƙanwarka,
Zuhur

Zuwa ga Zuhur,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ba ki haife shi ba, ba ki shayar da shi ba, gidana kuma 'yan mata ne. In alƙali ya tsawaita riƙon saboda lalurarsa, ina da abin faɗa wa mutanen unguwa, ku taho tare. In bai tsawaita ba, ƙato ne baƙo.

Allah ya yi mana zaɓi.
Bushayib

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na nemi a tsawaita riƙon, kotu ta turo wata yarinya mai tabarau ta duba Larbi. Da na sani da na ɓoye butar shayi.

Tun yana ƙarami abu biyu na koya masa don kada a yi masa dariya: zuba shayi, da kada ya kuskura ya ce wa baƙo "ban iya ba". Da yarinyar ta zauna, ya ɗaga buta can sama, kumfa ta tashi a kofi, ko ɗigo bai taɓa faranti ba.

Ta ce, "Larbi, kana iya kula da kanka?"

Ya ce, "Komai na iya, alhamdu lillahi."

Na ce, "'Yar nan, aike shi gidan burodi ki gani ko zai dawo."

Ta yi dariya, ta ce, "Hajiya, kin iya tarbiyya."

Da ta fita ya ce, "Inna, na yi daidai?" Na ce, "Ka yi daidai, ja'iri."

Jiya alƙali ya ce namiji ne cikakke, ba zai tsawaita riƙon ba.

Ka huta lafiya,
Zuhur

Zuhur,

Na ji. Ɗakinki yana nan. Naki.

Wassalam,
Bushayib

Yaya,

Ina gaisuwa. Ka ba jikokinka ɗakin. Na kama mana wani a saman rufin gidan haya, in zuciyata za ta jure hawan matakalar. An ce in ɗaukaka ƙara, don haka na zaunar da Larbi ina koya masa ya ce "ban iya ba".

Ya ƙi. Wai Inna ta hana.

Ka sa mu a addu'a,
Zuhur