Guda Arba'in na Baba

Garwa, 9 ga Afrilu, 2020

Yaya Aisatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da autarmu Salwa da mutanen unguwar Briqueterie duka.

Kin buɗe manhajar da muke duba hannun jarin kamfanin manja, wanda Baba ya saya da sunanmu mu biyu? Ja ce zur. Abin da ya biya sefa miliyan biyu, yau miliyan ɗaya da dubu ɗari huɗu take nunawa. Ga korona ta hana motata fasinja. Mu sayar tun da sauran abin sayarwa. Dillali ya ce sai da sa hannunki.

Ƙanenki,
Haman

Briqueterie, 15 ga Afrilu

Haman,

Wa alaikas salam. Muna lafiya, ka gaishe da Jaratu da yara.

Kai dama tun kana yaro ko jinin kaza ka gani sai ka ruga bayan Inna. Jan nan ba asara ba ce tukuna, sai ranar da muka sayar. Duba gefen hagu na manhajar: hannun jari guda arba'in jiya, guda arba'in yau. Ka manta Baba a mahauta? In farashin shanu ya faɗi, kawunan da ke garke yake ƙirgawa, ya sha shayinsa.

Ribar da kamfanin ke rabawa duk shekara ita ke biya wa Salwa jami'a, kuma saura mata shekara biyu. Ba zan sa hannu ba.

Yayarka,
Aisatu

Garwa, 2 ga Mayu

Yaya,

Gaisuwa. Wasiƙarki ta ɓata mini rai. Sau goma nake buɗe wayar nan a yini, kullum ja ce. Jaratu ta sayar da zobenta mun sayi gero. Ni ma ina son Salwa, amma yarana ba za su ci guda arba'in ba. A fitar mini da ashirin ɗina, ko nawa ne.

Haman

Garwa, 19 ga Mayu

Yaya Aisatu,

Barka da shan ruwa. Miliyan ɗaya ta shigo, na kuma ga takardar da za ta mayar da rabona sunanki. Amma manhaja dubu ɗari bakwai ta ce. Salwa ta faɗa mini kin kwashi adashinki, kin sayar da keken surfani ana gab da ɗinkin Sallah. Wallahi kunya ta kama ni. Bari in maido miki dubu ɗari uku.

Ƙanenki,
Haman

Briqueterie, 22 ga Mayu

Haman,

Kar ka maido ko dala. Farashin da Baba ya saya na biya ka, na waya bai dame ni ba. Salwa kuwa za ta gamu da ni kan wannan bakin nata.

Ka sa hannu, ka karɓo wa Jaratu zobenta, ka goge manhajar daga wayarka. Na sauko da tsohon keken ɗinkin Inna, da ƙafa nake takawa. Da safen nan na duba: har yanzu ja ce, har yanzu arba'in ne.

Allah ya kai mu Sallah lafiya.

Yayarka,
Aisatu