Maƙalar Auta a Aljihun Tebur

Litinin, 4 ga wata

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa, tare da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ke da Babba da iyalinsa. Yaya ƙafar taki? Ina fata kina shan maganin a kan lokaci, ba sai an yi ta fama da ke ba. Ni lafiya lau. Ina cin abinci, ina zuwa ofis.

Na zaɓi takarda a kan waya domin a waya kina gane inda muryata take tsayawa, ni kuwa akwai maganar da nake so in kai ƙarshenta.

Ranar Alhamis wani lauya ya zo ofishina, abokin aikin 'yarmu Auta, wanda ya karɓi shari'ar mutanen unguwar bayan masana'antar rini tun bayan rasuwarta. Kin san su. Daga wurinsu take dawowa da laka har idon sawu, ke kuma kina ta faɗa a kan dardumar falo. Shekara bakwai suna shan ruwan rijiyoyin da dattin masana'antar ya gurɓata ba su sani ba, sai da ƙodar yara ta fara lalacewa aka gwada ruwan. Masana'antar ba ta musa ba. Abin da lauyanta yake cewa shi ne sun makara: doka ta ba da shekara uku a kai ƙara, kuma wa'adin yana farawa ne daga ranar da cutarwar ta auku, ko da wanda aka cuta bai sani ba. Hujjarsa littafina, babi na tara. Ni na rubuta haka shekara ashirin da suka wuce, kotuna suka bi.

Auta ta rubuta maƙala tana rushe wannan babin. Wata goma sha ɗaya kafin rasuwarta ta kawo ta domin mujallar tsangayarmu ta koyar da shari'a a jami'a, mujallar da nake shugabanta. Kina zaune ta ajiye ambulan kusa da farantina ta ce, "Baba, ga ƙararka na kawo gabanka, sai ka yi adalci." Na ture shi da bayan cokali, na ce editan da ya san ƙa'ida ba ya taɓa aikin 'yarsa. Washegari na miƙa wa mataimakina ban buɗe ba, na ce kada ya ƙara yi mini maganarta. Na yi alfahari da kaina a ranar.

Lauyan yana so ya gabatar da maƙalar a kotu, ya tambaye ni a wace fitowa aka buga ta. Na kira mataimakina. Ya ja aljihun teburinsa, ga ta nan kwance. Ashe ya karanta shafin farko, ya ga littafin shugabansa ake sara, ya ji tsoron aika ta ga masu tantancewa sai ya ji daga bakina, ni kuwa na hana shi buɗe baki. Haka muka yi ta gaisawa kullum safe, tana cikin aljihun. Sau biyu Auta ta tambaye ni inda aka kwana, na ce ba hurumina ba ne.

Saura kwana goma sha bakwai a zauna a kotu. In aka kori ƙarar, gidaje ɗari da arba'in ba su da mai biya wa yaransu wankin ƙoda.

Ki gaida Babba da matarsa, ki shafa mini kan jikokina.

Naki,
Malam


Laraba, 13 ga wata

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki da ta yara, amsarki ta iso ni. Layi biyu ce, na kuma fahimce ta. Kin ce ba edita ta kawo wa ba, ubanta ta kawo wa.

Na karanta. Na kulle ofis da hantsi, na ce wa sakatariya ba na nan. Shafi arba'in da biyu ne. Ta bi hukunce-hukuncen da na dogara da su ɗaya bayan ɗaya, ta nuna dukkansu a kan cutarwar da mutum yake gani da idonsa ne a ranar da ta same shi, kamar rushewar katanga ko haɗarin mota, babu ko ɗaya a kan gubar da take shiga jiki a ɓoye. Ni na haɗa su wuri guda saboda babin ya fi kyau a haka. Tana da gaskiya. Ko sau ɗaya ba ta yi mini rashin kunya ba, "marubucin" take kirana, sai a wuri ɗaya da hannunta ya kuɓuce ta rubuta "Baba" ta soke da biro.

Zan gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba. Ban ankara ba na ga jan birona a hannuna, wanda take kira wuƙar fawa, har na gyara mata lambar shafi a manazarta biyu. Na daɗe ina kallon jan tawadar.

Na aika ta ga masana biyu a wasu jami'o'i, an rufe sunanta yadda aka saba. Aikin yakan ci mako uku. Abokan aikina sun ce a tsallake tantancewar a buga kawai kafin zaman, na ƙi. Maƙalar 'yar edita, wadda aka buga ba tantancewa bayan rasuwarta, lauyan masana'antar zai yaga ta cikin minti biyar, ya haɗa da sunanta. Na san za ki ce halin nan ne dai bai sake ni ba. Wataƙila. Na juya maganar ta kowace fuska, ban ga wata hanya ba.

Abin da ya rage shi ne in tsaya da kaina. Kotu ta ba ni izini in yi bayani a matsayin masani. Zan ce babi na tara kuskure ne.

Ki sa mu a addu'a.

Naki,
Malam


Asabar, 7 ga sabon wata

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Ina gaishe ki, ina fata ƙafar ta yi sauƙi. Ki yi haƙuri da jinkirin wannan wasiƙa.

Na tsaya a kotu ranar ashirin da ɗaya, na yi bayani minti arba'in ban duba takarda ba. Lauyan masana'antar tsohon ɗalibina ne, mai zama a layin gaba. Ya miƙe cikin ladabi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, maki saba'in kuka ba ni a kan wannan babin. In dawo da shi ne?" Aka yi dariya, har mai shari'a ya sunkuyar da kai. Sannan ya tambaya ko ni ne na koya musu cewa ra'ayin da ba a tantance ba hira ce kawai. Na ce ni ne. Ya tambaya yaushe na canza ra'ayi, kafin rasuwar marubuciyar ko bayanta. Na faɗi gaskiya. Ya yi mini ta'aziyya, ya zauna.

An yanke hukunci ranar Talata. Mai shari'a ya ce hukunce-hukuncen manyan kotuna sun ɗaure shi, kuma ba zai kauce musu ba saboda maƙalar da ba a buga ba da kuma shaidar uban da yake cikin makoki. Ya ce da an buga ta masana sun yi muhawara a kanta, da ya sami abin dafawa. Ya kori ƙarar. A bisa doka ban ga inda ya kuskure ba.

Shekaranjiya amsar masanan ta iso. Dukansu sun ce a buga ba gyara. Za a ɗaukaka ƙara, amma kin san tafiyar kotunan sama, kuma uku daga cikin yaran sau biyu a mako ake yi musu wankin ƙoda.

Da na fito ranar hukuncin, wata tsohuwa daga unguwar ta tare ni a kan matakala, tana riƙe da jarkar ruwan da suka kawo shaida. Ta ce, "Kai ne baban lauyarmu? Kai, kamarku ɗaya, har tafiyar." Na ce ni ne. Ta yi mata addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "Kullum ce mana take mu kwantar da hankalinmu, da zarar babanta ya karanta an gama, shi ba ya ganin gaskiya ya kau da kai. To ka karanta kuwa, ɗan nan?"

Na ce mata na karanta. Ta ce madalla, ta gode mini. Ba ta tambaye ni yaushe ba, ni ma ban faɗa ba.

Ki gaida Babba da yara. Allah ya jiƙan Auta, ya ba ki haƙuri da ni.

Naki,
Malam