Kyamarar da Ta Durƙusa wa Baba

Tambuwal

Aminina Nasiruddeen,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Kamila da yara da mutanen Kebbe. Mu nan sai godiya, sai dai jikin Baba. Mantuwa ta fara kama shi. Jiya yana cigiyar saniyar da anka sayar tun ina firamare.

Na kalli finafinan tsohon daraktan Japan da ka aiko. Da fari haushinka na ji. Ba faɗa, ba waƙa, mutane na zaune suna shan shayi, kyamara ta kafe wuri guda. Da na bincika sai na ga ya fara tun ana fim marar magana, ya ƙare rayuwarsa kan labarin iyaye da 'ya'ya, ya mutu ba a haife mu ba, amma har yau 'yan sana'a na koyi da shi. Abin da ya tsaya min shi ne inda yake aje kyamara: ƙasa-ƙasa, daidai idon mai zaune a tabarma.

Ka san Baba ya hana ni ɗaukarsa tun wani biki a garin Jabo, da ya gan ni tsaye kan dattawa da kyamara a kafaɗa. Wai sana'ar marasa kunya ce. Ni kuwa ina son in riƙe muryarsa kafin mantuwa ta cinye ta. Ni ne ɗan fari, ko sunana bai taɓa faɗi ba don kunya, sai dai "kai". Abin yana ci min rai.

Ka gaida kowa.

Naka,
Mannir

Tambuwal

Nasiruddeen,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Ina Kamila da jiki?

Daraktan nan naka ya yi min rana. Da hantsi na kife ƙwarya a zaure, na ɗora kyamara, na tuɓe takalmi na zauna ƙasa. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya ce ashe abin nan ya koyi ladabi.

Ya yi ta magana: shanu, farin da anka yi yana saurayi, hanyar Dogon Daji. In ya yi shiru hannuna har ƙaiƙayi yake in kashe, kamar yadda muka saba a biki, sai in daure. Da ya nemi ruwa ma ban taɓa ta ba, na bar ta tana ɗauka na shiga cikin gida.

Sai da na zo dubawa na ga abin da ya faru bayana. Ya leƙa ƙofa, ya matso, ya tambayi kyamarar ko gaskiya ne tana riƙe magana har bayan mutum. Sannan ya faɗi sunana, Mannir, a hankali. Ya ce yaron kirki ne, Allah Ya yi masa albarka. Da ya ji tafiyata sai ya koma zancen shanu.

Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Satin nan bai gane ni ba sam, yana gaishe ni kamar baƙo. Nakan amsa, in fita in kunna wurin da ya faɗi sunana.

Ka sa mu a addu'a.

Naka har kullum,
Mannir